Garkuwar Waziri Tunau

Tambarin Sankuwa ya yage ranar da manzo ya iso daga gulbi. Makaɗi ya ɗaga hannu zai yi kiɗan hantsi, bugun farko fatar ta tsage daga baki zuwa baki. Mutanen fada ba su gama salati ba sai ga mahayi a ƙofa, dokinsa na zubar da kumfa, yana neman iso.

Labarin da ya kawo an daɗe ana jiransa. Rundunar Marzuƙa ta sauka a ƙetaren Gulbin Tsamiya, tana jiran sauran mayaƙanta su iso ta haye. Marzuƙa ita ce daular da ta mallaki Sankuwa tun zamanin kakanni, tana karɓar dawakai da bayi duk kaka, har ranar da mutanen Sankuwa suka yi tawaye suka kori wakilinta. Waɗanda suka yi wannan yaƙi suna nan da ransu, furfura ce kawai ta fara cin gemunsu. Su ne suka zauna bayan nasara suka ƙulla alkawari: ba a ƙara gadon sarauta a Sankuwa, majalisa ce za ta zaɓi sarki, kuma ba mai ɗaga tutar yaƙi sai da yardarta.

Kafin rana ta take, Sarki Tankari ya tara majalisa. Tsufa ya riga ya cinye shi, idonsa ɗaya ya rufe, muryarsa sai an kasa kunne. Ya sa aka jingina tutar a jikin ginshiƙin soro, ya ce, "Ga ta nan. Ku faɗa mini wanda zai ɗauka."

Duk ido ya koma kan Madaki Barmo. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, ɗan tsohon gida a birnin, kuma ba a taɓa yin maharbi kamarsa a ƙasar ba. Barade sun fi jin maganarsa da ta iyayensu. Galadima Anaruwa, dattijon majalisa, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Wannan ba ta bukatar dogon zance. A ba Madaki."

Aka fara gyaɗa kai. Sai Waziri Tunau ya gyara zama.

Tunau ba ɗan Sankuwa ba ne. Da ayarin fatake ya shigo yana saurayi, ya zauna, harshensa da kaifin tunaninsa suka kai shi inda ya kai. Shi ya tsara kalmomin alkawarin nan da bakinsa. A lokacin tawaye shi da Barmo tabarma ɗaya suke kwana, ƙwarya ɗaya suke sha. Tun da aka ci nasara kuwa ba su ƙara haɗuwa a kan ra'ayi ɗaya ba.

Ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Ban ce Madaki bai iya yaƙi ba. Ina bayansa ranar da muka kori wakilin Marzuƙa, na ga aikin hannunsa. Tambayata guda ce. Idan ya gama da waɗancan, ya juyo da duk mashin Sankuwa a bayansa, Sarki kuma ga yadda tsufa ya yi da shi, wa zai tare shi a ƙofa ya ce ajiye tuta? Ni? Ko Liman da tasbaharsa?"

Wasu suka yi murmushi, suka yi maza suka haɗiye shi.

Madaki ya ce, "Waziri ya fi tsoron nasarata a kan tsoron Marzuƙa. Ranka ya daɗe, a bar shi ya ɗauki tutar da kansa, ya je bakin gulbi ya yi musu jawabi. Wataƙila su gaji su koma gida."

"Zan iya," in ji Tunau, "amma ni ba ni da aboki a cikinsu. Mutumin da ke jagorantar rundunar can, Jarman Marzuƙa, ba a hannunmu yake ba a yaƙin farko? Wa ya kwance masa igiya, ya ba shi doki da guzuri, majalisa ba ta sani ba?"

"Ni ne. Takobinsa ya miƙa mini da hannunsa. Ba na yanka wanda ya miƙa wuya."

"To ni kuwa na ce wanda ya kwance wa abokin gaba igiya zai iya buɗe masa ƙofa. Ina faɗa a gaban Sarki da majalisarsa: Madaki Barmo ba mutumin da za a ba amanar gari ba ne."

Galadima ya sunkuyo ya ce a hankali, "Waziri, rawaninka fa yana kanka."

"Na san inda yake."

Abin da Galadima ke tuna masa kowa a soron ya sani. A Sankuwa, maganar da ɗan majalisa ya faɗa a gaban Sarki da rawani a kansa ba ta janyuwa. Mai son janye ta sai ya kwance rawanin ya ajiye, sarautarsa ta tafi tare da shi. In ya ƙi, wanda aka ci wa mutunci yana da hanya ɗaya.

Madaki ya tashi. Ya duƙa ya damƙi ƙasar daɓen soron, ya tako har gaban Tunau, ya zuba ta a bakin rigarsa.

"Na kira ka Yashi."

Yashi wani tsibiri ne na rairayi da ke fitowa a tsakiyar Gulbin Tsamiya idan ruwa ya ja baya. Ba ƙasar kowa ba ne, shi ya sa tun da can manya ke zuwa su raba gardama a kansa. Kowa da baka, da kibiya ɗaya, da garkuwar fatar warwaji, naman dajin nan mai kaurin fata. Wanda aka zarga shi ke fara harbi, mai zargin ya tare. In kibiya ta kafe a garkuwa, magana ta mutu, an wanke mutum, ba mai sake tayar da ita. In kuwa ta kashe, maharbin ya rabu da rawaninsa a nan take, kuma ƙafarsa ba ta ƙara taka gaɓar Sankuwa har abada. Saboda wannan hukunci, ba wanda ya taɓa saita kome a Yashi sai tsakiyar garkuwa.

Liman ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, wannan ragowar maguzanci ce. Ga abokan gaba a bakin ruwa, mu kuma muna harbin juna?"

Sarki ya ɗaga hannu da ƙyar. "Malam, al'adar ta girmi masallacinka, ta girme ni. Ba ni da ƙarfin karya ta yau. Gobe da hantsi su je. Tuta za ta jira. Idan kibiya ta kafe, Madaki ya zo ya ɗauka."

Da la'asar Galadima ya hau alfadarinsa ya nufi gidan Madaki. Shi ya girme su duka biyun, kuma shi kaɗai ke iya shiga zauren kowannensu ba tare da an yi masa iso ba. Ya tarar da Barmo zaune a kan buzu, kibau a baje gabansa, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba miƙewarsu.

"Babba, in roƙo ka zo yi, ka makara."

"Tambaya na zo yi. Ina za ka sa masa ita?"

Barmo ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Kai ma? A cibiyar garkuwa mana, inda fata ta fi kauri. Jininsa me zai yi mini? So nake ya ji bugunta har kafaɗarsa, ya yi kwanaki bai ɗaga hannu yana nuna mutane ba."

"Maganar gadon sarauta fa? Tsakaninka da Allah."

Madaki ya ajiye kibiyar. "In majalisa ta zaɓe ni bayan Tankari, ba zan ƙi ba. Wa zai ƙi? Amma in shigo garin ubana da mashi? Babba, na goya Tunau a bayana daga fagen fama har sansani, jininsa na bin ƙuguna. Ya san ni. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ya san ni kuma ya faɗa."

Daga nan Galadima ya wuce gidan Waziri. Ya same shi shi kaɗai a zaure, an kawo masa garkuwar an jingina ta a bango bai ko taɓa ta ba.

"Baƙon fatake," in ji Galadima yana neman wurin zama, "yau dai bakinka ya sayo maka kayan da jakinka ba zai ɗauka ba. Kwance rawanin nan. Za mu bari ƙura ta lafa, in roƙi Sarki a mayar maka."

"In na kwance, muryata ta fita daga majalisa, ya ɗauki tuta."

"In ka je Yashi ma ai ɗauka zai yi. Kibiya ta kafe, magana ta mutu. Ko ta ina tutar tasa ce. To me ka ci? Kai da kake lissafa magana kafin ka furta ta, ban gane ka ba yau."

Tunau ya kalli garkuwar da ke jingine a bango. Ya ce, "Anaruwa, kai kana da kaburburan kakanni a bayan ganuwar nan. Ko wa ya hau gado, kai ɗan gari ne. Ni ba ni da kome a Sankuwa sai alkawarin da muka yi. Na ga garuruwa kafin in zo nan. Ko'ina labarin ɗaya ne: jarumi ya ceci gari, gari ya rasa mai cetonsa daga jarumi. Ba sai Barmo ya yi niyya ba. Barade za su ɗauke shi su ɗora, shi kuma ba zai ce a'a ba."

"Ka yarda zai buɗe wa Marzuƙa ƙofa?"

"A'a."

"Amma ka faɗa."

"Da ƙaramar magana ba zai kira ni Yashi ba."

Galadima ya dube shi, ya kasa kama zaren. Tunau ya tambaya kamar ba kome, "Ka je wurinsa? Hannunsa bai fara rawa ba?"

"Hannun Barmo? Kwantar da hankalinka. Inda ya ce nan za ta sauka. Kai dai riƙe garkuwa daidai ƙirji, kada ka motsa."

"Madalla," in ji Tunau.

Galadima ya fita yana zaton tsoro ne ya kama mutumin, har ya ji tausayinsa.

Gari na wayewa barade suka yi jeri a gaɓar Sankuwa. Madaki ne ya fito da su, don hayaƙin sansanin Marzuƙa na tashi a ƙetare, ba a san abin da za su yi ba in sun hangi manyan gari a tsakiyar ruwa. Al'ada ta hana kowa taka Yashi sai masu harbi, da shaida ɗaya, da Sarkin Baka wanda ke yanke hukunci. Mutum huɗu suka shiga ruwa a kan dawakai, ya kai musu ƙirjin doki, suka fito kan rairayi. A ƙarshen tsibirin an ɗaure wani kwalekwale, ba wanda ya kula da shi.

Sarkin Baka Nomau, tsohon maharbi mai ƙarancin magana, ya karɓi kibau biyun ya wanke bakinsu a gulbi don kowa ya ga babu dafi. Ya ƙwanƙwasa garkuwoyin da ɗan yatsa. Ya ja layi da ƙafa, ya taka ya ja wani, ya tsayar da kowa a nasa.

"Waziri, akwai sauran dama. Za ka kwance?"

"Ba zan kwance ba."

"Madaki, ka yafe?"

"Bayan na harba."

Tunau ya ɗaga garkuwa ta rufe shi daga haɓa zuwa cinya. Barmo ya ɗana kibiya, ya ja tsirkiya har kunne. Dubban idanu daga gaɓa suna kansa. Sarkin Baka ya ɗaga hannu, ya sauke.

Tsirkiya na yin ƙara, Tunau ya saki hannunsa ƙasa.

Ba zamewa ya yi ba, ba tuntuɓe ba. Sauke garkuwar ya yi kamar mai ajiye kaya. Kibiyar ta tafi daidai inda aka aike ta, ta shige ƙarƙashin ƙashin ƙirjinsa. Ya ja baya, ya zauna a kan rairayi.

Barmo ya jefar da baka ya rugo. Ya durƙusa ya kama kafaɗunsa yana girgizawa. "Me ka yi? Tunau, me ka yi mini?"

Galadima ya iso yana haki, ya tallafi kan Waziri. Ya duba inda kibiyar ta shiga, ya duba fuskar Sarkin Baka. Tsohon ya girgiza kai.

"Kun gani," in ji Barmo. "Babba, ka gani da idonka. Garkuwa na saita. Shi ya sauke."

"Na gani. Zan faɗa a gaban Sarki, zan rantse."

Tunau ya buɗe ido. Jini ya fara fitowa a gefen bakinsa, amma maganarsa na fita sarai. "Sarkin Baka, faɗi hukunci."

Nomau ya matso kusa. Sa'an nan ya ce, "Abin da na gada shi ne, wanda kibiyarsa ta kashe a Yashi ya rabu da rawani, ya rabu da gaɓar Sankuwa. Ba a ce mini in tambayi garkuwa ba. Wannan rauni kuwa ba mai tashi daga gare shi. Madaki, ka yi haƙuri. Rawaninka."

"Nomau, kai ka koya mini riƙon baka."

"Ni ne. Rawaninka."

Barmo ya miƙe tsaye. Ya kai hannu ya fara warware rawanin, naɗi bayan naɗi, har ya zube a ƙafafunsa. Daga gaɓa aka ji gunaguni ya tashi a cikin barade, dawakai suka fara tirjiya.

Tunau ya ɗaga yatsa ya nuna ƙarshen tsibirin. "Ga kwalekwale can. Akwai guzuri a ciki, da takobinka na biyu. Bi ruwa ka yi kudu. Ba wanda zai taɓa gidanka, na bar wasiyya. Barmo, ba ƙiyayya ba ce. Na biya da abin da nake da shi."

Barmo ya kalli kwalekwalen. "Har jirgi ka shirya mini." Ya juya ya kalli ganuwar Sankuwa da ake hangowa daga nesa. "Yau da yamma za a ce a kasuwa Waziri ya faɗi gaskiya, Barmo ya kashe shi don ya rufe masa baki. 'Ya'yana za su girma da wannan. Rantsuwar Galadima ba za ta kai bakin rijiya ba."

"Zan bi gida gida," in ji Galadima. "Barmo, saurare ni. Shiga jirgin. Bari mu wuce wannan yaƙi, a sake zama."

"Da wa za ku wuce shi?"



Barmo ya sunkuya ya ɗauki bakansa, ya karkaɗe rairayin da ke jiki. Ya ce, "An hana ni gaɓar nan. Ba a hana ni waccan ba. Lokacin da kakanni suka kafa dokar, ba kowa a can sai kuraye. Yau akwai mutum guda a can, Jarman Marzuƙa, wanda ya san ni ba maci amana ba ne, don ya ga alkawarina da idonsa. A duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai ya rage."

Tunau ya yunƙura zai tashi, ciwo ya mayar da shi. "Ba za ka yi ba. Na san ka."

"Ka san Madaki. Ga shi can a ƙasa, ka ɗauka."

Ya hau dokinsa. Bai kira kowa ba, bai yi jawabi ba. Ya ɗaga bakan sama sau ɗaya yadda ya saba yi in za a kai hari, ya juya kan dokin gabas, ya shiga ruwa.

Na ɗan lokaci gaɓar Sankuwa ba ta motsa ba. Sai barde ɗaya ya zaburi dokinsa ya faɗa gulbi. Wani ya bi shi. Daga nan jerin ya karye gaba ɗaya. Suka ratso ruwa suna wuce tsibirin dama da hagu, ba wanda ya taka rairayin, ba wanda ya kalli mutumin da ke kwance. Ruwan da kofatai ke fantsamawa yana sauka a fuskarsa.

Galadima ya juya ga Sarkin Baka. "Hau ka tafi. Ka ce a rufe ƙofofi duka, a kwashe mutanen ƙauye a shigo da su. Ka ce wa Sarki ya ba da tutar ga duk wanda ya samu."

Nomau ya tafi. A tsibirin ya rage su biyu.

"Anaruwa," in ji Tunau, "idona ya fara duhu. Su nawa suka bi shi?"

Galadima ya waiwaya gaɓar Sankuwa. Ba kowa sai masu yankan ciyawar doki, sun tsaya da laujensu a hannu.

"Duka," ya ce.

Ajali bai yi wa Waziri Tunau gaggawa ba. Yana nan da ransa, kansa a cinyar Galadima, lokacin da gangunan Marzuƙa suka fara kiɗan maraba a ƙetare.